Kifi Biyu a Ruwa Ɗaya: Daga Akwatin Murjani Zuwa Kwamin Tarwaɗa a Gwarzo da Kabo

Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, waɗanda ke yammacin Jihar Kano a kan hanyar da ta tashi daga birni ta nufi Dayi da Malumfashi, suna cikin yankunan da suka ci moriyar shirin datse koguna da aka faro a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka kuma ci gaba da shi a bayansa. Madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada da Marashi sun tare ruwan ƙananan kogunan da a da suke ƙafewa da zarar kaka ta wuce, sa'an nan babbar madatsar Challawa da ke maƙwabciyarsu Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, ta ƙara wa yankin faɗin ruwa mai kwana duk shekara. Inda ruwa ya zauna kifi yakan zauna, inda kifi ya zauna kuwa masunta sukan biyo shi da komarsu da tarunsu da fatsarsu, kuma a 'yan shekarun nan an sami wani rukuni na biyu, wato masu kiwon kifi a kwamin ƙasa ko tankin siminti ko na tamfol, waɗanda suke sayen 'ya'yan kifi su ciyar da su har su isa kasuwa. Duk wanda ya shiga wannan sana'a, ko ba jima ko ba daɗe, yakan tarar da tambaya guda tana jiransa: wane kifi ne zai iya zama da wane a ruwa ɗaya, kuma a bisa wane sharaɗi?

Waɗanda suka fi kowa tsefe wannan tambaya su ne masu ajiye kifayen teku a akwatin gilashi, sana'ar da a zahiri ba ta da kusanci da Gwarzo ko Kabo, domin tsakanin yankin da gaɓar teku a Legas akwai tafiyar kilomita wajen 1,000. Dalilin ƙwarewarsu a fili yake: ruwansu kaɗan ne, kifayensu masu tsada ne, kuma gilashi ba ya ɓoye kome, saboda haka duk kora da cizo da ƙin cin abinci suna faruwa a gaban idonsu, alhali mai kwamin ƙasa ba ya sanin abin da ya gudana a cikin ruwansa mai duhu sai ranar da ya zo kwasa ya ga adadin ya ragu. Zaman da ake haɗawa tsakanin kifayen da ake kira ras da waɗanda ake kira antiyas misali ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin dokokin da ke tafiyar da shi su ne ke tafiyar da zaman tarwaɗa da karfasa, ko da yake manufar masu kiwon biyu ta sha bamban.

Akwatin murjani wani tanki ne na gilashi da ake ƙoƙarin kwaikwayon gaɓar teku mai zafi a cikinsa. Murjanin da ake nufi a nan halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da ke zaune jingim suna gina wa kansu gida na farar ƙasa mai tauri, kuma a cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya da ke sarrafa hasken rana ta samar musu da abinci. Domin su rayu, dole ruwan ya ƙunshi gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kamar yadda yake a mafi yawan tekunan duniya, zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Selsiyos, fitilu masu ƙarfi su tsaya a madadin rana, famfuna kuma su riƙa juya ruwan dare da rana. Ba gishirin miya ake zubawa ba, wani haɗi ne na musamman da ya ƙunshi sinadarai da yawa, kuma ana narkar da shi a ruwan da aka tace sarai. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin amoniya, wadda guba ce, sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu da yashi su mayar da ita naitarait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da wannan naitaret, wadda cutarta ba ta kai ta sauran ba sai in ta taru. Wannan zagaye shi ne ginshiƙin rayuwar kowane ruwan kiwo, na gishiri ne ko na daɗi.

Antiyas ƙananan kifaye ne masu launin lemo da ja da shunayya, waɗanda ke tashi garke-garke a saman tudun murjani suna fuskantar igiyar ruwa, suna tsintar filankton, wato ƙananan halittun da ruwa ke ɗauke da su waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Pseudanthias squamipinnis, kuma yana da yawa ƙwarai a Bahar Maliya, tekun da alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna ƙetarawa, a da ta tashar Sawakin a Sudan cikin jiragen ruwa, yanzu kuma ta sama kafin su sauka Jidda. Matan wannan kifi launin lemo ne da su, tsawonsu bai cika wuce santimita 7 ba, namijin kuwa yakan kai ninkin haka, launinsa ya karkata zuwa ja da shunayya, da wani dogon zare a fiffikensa na baya. Tun da abincinsu ƙanana ne kuma yini suke yi suna tsinta, cikinsu bai saba da cin abinci mai yawa a lokaci ɗaya ba, shi ya sa a cikin akwati ake ciyar da su sau uku ko fiye a rana, in ba haka ba su rame su mutu ɗaya bayan ɗaya.

Ras kuwa sunan babban dangi ne da masana ke kira Labridae, mai nau'i fiye da 600, daga waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba har zuwa Cheilinus undulatus da ke kaiwa mita 2, wanda aka sanya cinikinsa ƙarƙashin sa idon CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar ɓacewa, a 2004. Saboda wannan yawa, tambayar ko ras zai zauna lafiya da antiyas ba ta da amsa guda, sai an faɗi wane ras ake nufi. Nau'o'in Cirrhilabrus da Paracheilinus masu cin filankton ne su ma, a teku ma akan gan su cakuɗe da garken antiyas, kuma da dare sukan shige cikin kogon dutse su lulluɓe jikinsu da wata majina da suke fitarwa. Nau'o'in Halichoeres da Macropharyngodon a ƙasa suke kiwo, suna tsintar tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi a jikin duwatsu, kuma in dare ya yi ko suka firgita sai su nutse cikin yashi, don haka wajibi ne a shimfiɗa musu yashi mai laushi mai zurfin santimita 5 ko fiye. Akwai kuma masu zafin rai, irin su Pseudocheilinus hexataenia mai zane shida a jiki, wanda duk da ƙanƙantarsa yakan addabi duk baƙon da aka sako bayansa, da manyan nau'o'in Thalassoma waɗanda ke cinye jatan lande su kuma hana ƙananan kifaye sakat.

Abin da ya haɗa dangin biyu, wanda kuma ya fi kome tasiri a zamansu, shi ne sauya jinsi. A cikin antiyas da mafi yawan ras, kifi yakan fara rayuwarsa yana mace, daga baya ya koma namiji idan tsarin garken ya ba shi dama. A 1970 masanin dabbobi Lev Fishelson ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da antiyas na mashigin Aƙaba a Bahar Maliya, inda ya nuna cewa kasancewar namiji a cikin garke ita ce ke hana mata sauyawa, in kuwa aka cire shi sai ɗaya daga cikinsu ta fara rikiɗa. A 1972 Ross Robertson ya ba da rahoton irin wannan a kan ras mai shara, Labroides dimidiatus, a tsibirin Heron da ke gaɓar Ostareliya: namiji ɗaya ke riƙe da mata da yawa, kowace da matsayinta gwargwadon girmanta, kuma idan ya mutu babbar cikinsu takan fara nuna halin maza cikin 'yan sa'o'i, jikinta ya kammala sauyawa cikin makonni kaɗan. Ma'anar wannan ita ce korar da namiji ke yi wa mata, da wadda babbar mace ke yi wa ƙarama, aiki ne da ke riƙe tsarin haihuwar garken, ba kuwa za a iya kawar da ita ba, iyakar abin da mai kiwo zai iya shi ne ya rarraba ta yadda ba za ta taru a kan kifi guda ba.

Daga wannan fahimta ne ƙa'idojin masu akwati suka fito. Sukan sayi mata zalla na antiyas, ko namiji ɗaya da mata huɗu ko biyar, domin maza biyu a ƙaramin wuri faɗa ne har sai ɗaya ya mutu, mace ɗaya tak kuwa ita kaɗai za ta sha dukan korar. Garke irin wannan yana buƙatar tanki mai ɗaukar lita 450 ko fiye, mai tsawon da zai ba da filin iyo a sama da koguna masu yawa a ƙasa, ta yadda kowane kifi zai sami makwancinsa. Haka nan ba a haɗa maza biyu na nau'in ras guda, kuma akan kauce wa haɗa ras da antiyas masu kama da juna a launi da girma, domin kifi ya fi tsananta wa wanda ya yi kama da kishiyarsa. Tsarin shigowa ma yana da muhimmanci: masu sanyin hali su ake fara sakawa su kama wuri, masu ƙarfin hali su zo daga baya, kuma baƙo yakan yi kwanaki a cikin wani ƙaramin akwati mai huji-huji da aka rataya a cikin babban, domin 'yan gida su gan shi su saba da shi kafin su iya taɓa shi. Kafin duk wannan, sabon kifi yakan yi makonni a keɓe a wani tanki dabam don a tabbatar bai zo da cuta ba. Murfin raga kuwa ba a wasa da shi, domin ras da antiyas duka masu tsalle ne idan suka razana.

Matsalar da ta fi wuya ta abinci ce. Ras mai kuzari yakan riga antiyas mai kunya kaiwa ga abinci, sai mai akwati ya ƙara yawan abin da yake zubawa, ƙarin abincin kuma ya ƙara datti, dattin ya haifar da gansakukar da ke lulluɓe murjani ta kashe shi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mafi yawan mutuwar da ake ɗora wa faɗa tsakanin kifaye, in aka bi diddigi, daga yunwar wani ne ko lalacewar ruwa ta taso. Maganin da suka samo shi ne ciyarwa kaɗan-kaɗan sau da yawa, a watsa abincin cikin igiyar famfo don ya bazu ko'ina, tare da na'urar da ke tsamo datti ta hanyar kumfa kafin ya ruɓe, da sauya wani kaso na ruwan a kai a kai.

Ba a kawo wannan bayani don a kwaɗaita wa mutumin Getso ko Garo da ke wannan yanki ajiye murjani ba. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, murjanin da ke fara kodewa idan ruwa ya daɗe a sama da digiri 30 zai buƙaci na'urar sanyaya ruwa da ba ta tsayawa, ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i kuwa ta isa ta kashe kayan da aka tara cikin shekaru, ga kuma iskar hunturu da ke tsotse ruwa ta bar gishiri yana ƙara kauri. Abin da ya cancanci ɗauka shi ne tsarin tunanin: a san inda kowane kifi ke zama a cikin ruwa, da abin da yake ci, da girman bakinsa, da yadda yake haihuwa, da wanda ya riga wani shigowa.

Tarwaɗa da karfasa

Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, masana kuma ke kira Oreochromis niloticus, ita ce mafi sauƙin ciyarwa a cikin kifayen kiwo na wannan yanki, domin tana cin gansakuka da filankton da dusa, kuma a kwamin ƙasa da aka zuba wa takin kaji ko na shanu har ruwan ya yi kore, takan sami kaso mai yawa na abincinta daga ruwan kansa. Aibinta a wurin mai kiwo shi ne yawan haihuwa. Namiji yakan share ɗan rami a ƙasan kwami, mace ta zuba ƙwai a ciki, bayan ya barbare su ta kwashe su a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe, kuma a tsawon wannan lokaci ba ta cin abinci. A kwami takan fara haihuwa tana 'yar wata uku zuwa biyar, tun ba ta kai girman tafin hannu ba, ta kuma maimaita bayan 'yan makonni, sai ruwan ya cika da ƙananan kifaye masu rububin abinci ɗaya, kowa ya tsumbure. Mai kiwon da ya zuba 'ya'ya dubu yana sa ran manyan kifaye dubu, ranar kwasa yakan tarar da dubbai waɗanda kasuwa ba ta so.

Tarwaɗa, Clarias gariepinus, halinta kusan kishiyar wannan ne. A ƙasan ruwa take zama, da dare ta fi walwala, da gashin bakinta take laluben abinci, kuma tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sarari, wanda shi ya sa take jure cunkoso da gurɓataccen ruwan da karfasa ba za ta kwana a cikinsa ba. Ba ta cika haihuwa da kanta a kwami ba, saboda haka masu ƙyanƙyasa sukan yi wa mace allurar homon, wato sinadarin da ke sa ƙwai ya nuna, su matso ƙwan, su yanka namiji su ciro maniyyinsa su gauraya, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe cikin kimanin kwana ɗaya idan ruwan da ɗumi. Wannan juriya ce ta sa Nijeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace samar da tarwaɗar kiwo a Afirka, kuma ita ce kifin da ya mamaye tankunan siminti da na tamfol a Jihar Kano, daga nan ta wuce kasuwar kifi ta Galadima a birni ko wurin masu banda. Amma tarwaɗa mafarauciya ce mai faɗin baki, tana haɗiye duk abin da bakinta zai iya ɗauka, har da 'yan'uwanta. A kowace ƙyanƙyasa akan sami 'yan kaɗan da ke zarce sauran girma, kuma idan ba a riƙa tantancewa ana ware manya daga ƙanana ba, waɗannan kaɗan za su cinye kaso mai tsoka na jarin mai kiwo ba tare da ya ga gawa ko ɗaya ba.

Haɗa su biyun a kwamin ƙasa dabara ce ta mayar da aibin kowace ya zama maganin aibin ɗayar. Karfasa tana kiwo a sama da tsakiyar ruwa tana haihuwa, tarwaɗa tana ƙasa tana cinye 'ya'yan da suka yi yawa tare da ragowar abincin da ya nutse, sai iyayen karfasa su sami sararin girma, 'ya'yan da da za su zama asara kuma su koma naman tarwaɗa. A nan ne bambancin manufa ya fito: mai akwatin gilashi yana gudun kada wani ya ci wani, mai kwami kuwa da gangan ya shigo da mai cin, sai dai yana so cin ya tsaya a kan 'ya'ya. Duk nasarar ta rataya ne a kan girma da lokaci. Wani bincike da aka yi a Kongo Barazabil aka wallafa a 1996 ya nuna cewa tarwaɗar da aka zuba tana ƙanƙanuwa ƙwarai ba ta iya shawo kan haihuwar karfasa ba, wadda ta ɗan tasa kuwa ta iya. A ɗaya gefen, tun da tarwaɗa ta fi karfasa saurin girma, idan aka zuba su rana ɗaya da girma ɗaya, ba za a daɗe ba bakinta zai isa ya haɗiye iyayen su kansu. Saboda haka karfasa ake fara zubawa, a bar ta ta yi faɗin da ya fi ƙarfin bakin abokiyar zamanta, sa'an nan a kawo tarwaɗa masu girma bai ɗaya, adadinsu bai kai na karfasa ba. Wannan ita ce ƙa'idar mai sanyin hali ya riga shiga, wadda masu ras da antiyas ke bi, ta bayyana a wani ruwa dabam.

Batun jinsi ma bai bar kwami ba, ko da yake karfasa ba ta sauya jinsi bayan ta girma kamar antiyas. Namijinta ya fi mace saurin girma, tun da ba ya yin azumin riƙon ƙwai, don haka manyan gonaki sukan yi kiwon maza zalla. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ciyar da 'ya'yan, a makonni uku zuwa huɗu na farkon cin abincinsu, da abincin da aka gauraya da homon ɗin maza, lokacin da jikinsu bai riga ya tsaya a kan jinsi ba. Bincike ya kuma tabbatar da cewa ruwa mai zafin kusan digiri 36 a wannan ɗan tsakani yana ƙara yawan mazan da ake samu, abin da ya kamata ya ja hankalin masu bincike a ƙasa mai zafi irin Kano. Ga ƙaramin mai kiwo a ƙauye, wanda samun irin maza zalla ke yi wa wuya, tarwaɗa ita ce hanya mafi kusa, kuma ko a kiwon maza akan sami 'yan mata kaɗan da suka kuɓuce, waɗanda 'ya'yansu ke buƙatar mai ragewa.

Akwai iyaka da ya kamata a faɗa ƙarara, domin rashin saninta yana jawo asara. Wannan haɗi na kwamin ƙasa ne mai faɗi, inda rana da taki ke samar da abinci, kifayen kuma ba su cunkushe ba. A tankin siminti da aka cusa tarwaɗa ɗaruruwa, inda iskar oksijin ke ƙaranci amoniya kuma ke taruwa, karfasa ba ta da abin ci na halitta, ba ta da mafaka, ba ta kuma iya hawowa ta shaƙi iska, don haka zuba ta a nan ciyar da tarwaɗa ne kawai da kifi mai rai. Sanyin hunturu ma yana shiga lissafi, domin idan zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 karfasa takan rage ci da girma ta kuma daina haihuwa, wanda ke nufin tarwaɗar da ta dogara da 'ya'yanta za ta juya ga abin da ta samu.

Dalilin da ya sa wannan magana ta dace da Gwarzo da Kabo musamman shi ne tsadar abinci. A kiwon tarwaɗa zalla, abinci yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da ake kashewa, domin tana buƙatar abinci mai yawan furotin da ake haɗawa da garin kifi da waken suya da masara, kayan da farashinsu ke bin darajar Naira. Yankin da ke da fadamu a ƙasan madatsu, da dusar masara da ta dawa, da tunkuzar gyaɗa, da takin dabbobi, yana da kusan duk abin da karfasa ke nema, kuma abin takaici ne a ce tankin siminti na bayan gida, wanda ya fi dacewa da mazaunin birni marar fili, shi ne ya zama abin koyi har a wuraren da ƙasa da ruwa suka wadata. Mutanen Sin sun daɗe da gane ribar rarraba ruwa: tun ƙarnoni da suka wuce suke haɗa nau'o'i huɗu na kifin kaf a tafki guda, ɗaya na cin ciyawa, biyu na tace filankton iri dabam-dabam, na huɗu na cin dodon koɗi a ƙasa. A Nowe da Sukotlan kuma, tun ƙarshen shekarun 1980, ana saka wasu nau'o'in ras na ruwan sanyi a cikin kejin kifin samon domin su tsince ƙwarƙwatar ruwa daga jikinsa, ko da yake yawan mutuwar da ras ɗin ke yi a cikin kejin ya jawo suka mai ƙarfi, kuma sukar tana kan gaskiya, domin kifin da aka kawo don ya yi aiki shi ma yana da buƙatar mafaka da abincinsa.

Madatsa kuwa ba kwami ba ce, kuskuren da aka yi a cikinta ba a iya zubar da ruwa a gyara shi. Giwan ruwa, kifin da masuntan Arewa suka sani sarai, an saka shi a tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka a shekarun 1950, kuma zuwa shekarun 1980 ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'i masu yawa na ƙananan kifayen tafkin waɗanda babu irinsu a ko'ina. Duk wani shiri na zuba irin kifi a Guzuguzu ko Magaga, ko kafa keji a Challawa, ya kamata ya fara da ƙididdigar abin da ke cikin ruwan, tarwaɗa ce ko ƙurungu ko ragon ruwa ko kawara, da sanin wanda ke cin wani. Haka nan kamun kifi da guba, wanda Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta tare da amfani da nakiya, yana rusa wannan tsari baki ɗaya, domin guba ba ta tantance babba da ƙarami. Irin wannan ɓarna ce ta addabi cinikin kifayen akwati, inda a Indunusiya da Filifin wasu masu nutso ke fesa sinadarin sayanaid don sumar da kifi, murjanin da ke wurin kuma ya mutu.

Ilmin da ake buƙata domin wannan aiki rabinsa yana hannun masunta. Sarkin ruwa da mutanensa sun san inda kowane kifi ke kwana, da watan da yake ƙwai, da abin da ake tararwa a cikinsa idan aka fede shi, sai dai sanin nasu a ka yake, kuma na ruwan sake ne, bai shafi lissafin kwami ba. Ɗaya rabin yana wurin cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji na 1968, da Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan hanyar Gwarzo ɗin kanta. Adadin tarwaɗar da ya dace da kowace ɗari ta karfasa, da tazarar makonnin da za a bari tsakanin zubin farko da na biyu, da watan da ya fi dacewa a fara don a kwashe kafin sanyi ya kama, duka abubuwa ne da ke sauyawa da ƙasa da yanayi, kuma gwaji a kwamin manoman da ke ƙasan madatsun yankin, tare da awon kifin kowane mako biyu da rubuta abin da aka gani, shi ne zai fitar da alkaluman da mai kiwo a Lakwaya ko Durun zai iya dogara da su.